Zuciyar Wani a Cikin Agogona

Zuwa ga Kawu Mai Gyaran Agogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida 'yarka Hajiyar Waya, ina gaida agogunan da ke rataye a shagonka, masu tafiya da matattu. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Da kunnen nan yana jin waya da ban zauna ɓata biro ba. Amma tunda kai da Innata kakanku ɗaya, na san rashin jin magana gadonmu ne gaba ɗaya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙwaurina na hagu da yake ɗan yi min tsami da safe.

Agogon gudun da ka aiko ya iso. Direban da ke kai tayil garinku ya miƙo min shi a cikin safa, yadda ka naɗe shi. Allah ya saka. Kwana uku na yi ina kokawa da takardar bayaninsa, ni da ƙamus ɗina marar bango. Wanda aka cire daga makaranta a aji huɗu dole ya sha wuya, amma na ci ƙarfinta. Yana ƙirga bugun zuciya, yana ƙirga taku, yana auna nisa, yana zana inda ka bi. Na haɗa shi da wayata, na haɗa da ta Hajiya kamar yadda ka ce, duk abin da na yi zai faɗo muku.

Bari in kwatanta maka wurin don ka gane abin da za ka riƙa gani. Kamfanin nan katanga ce doguwa da waya mai ƙaya a kanta. A ciki akwai injina, da sito, da ɗakunan kwananmu, mutum hurhuɗu. A waje babban titi ne, tireloli kamar an koro su, babu gefen da ɗan Adam zai taka. Ƙofa kuma sai Lahadi ake buɗe mana. Saboda haka filina shi ne tsakar kamfanin. In tashi daga famfo, in bi bayan sito, in wuce tarin fasasshen tayil, in gifta ɗakin maigadi, in dawo famfo. Zagaye ashirin da huɗu, kilomita goma. Hagu nake karya kwana, saɓanin hannun agogo, yadda ka koya min tun ina ƙarami, ka ce haka ake yi a kowane filin gasa.

Ranar farko da na gama sai na buɗe taswirar. Kawu, shekara biyu ina gudu a nan, ina ji kamar wani wuri na nufa. Sai ga shi ƙiri-ƙiri: zobe. Jan zobe ɗaya, an maimaita shi sau ashirin da huɗu. Akuyar da aka ɗaure a turke ma abin da za ta zana ke nan.

Lokacina minti talatin da uku da sakan arba'in. Ƙungiyar 'yan gudun da muka yi magana a kanta tana son ƙasa da talatin da ɗaya kafin ta gayyaci mutum gwaji. Wanda ya ci, masauki nasu, horo nasu, ya bar ɗaukar kwali. Saura wata huɗu. Ban ga wata ƙofa a katangar nan ba sai wannan.

Abu ɗaya, agogon ba shi da kunya. Na wuni ina ɗaukar kwalin tayil, na zauna zan sa loma, ya girgiza wai in motsa jiki. Dogo, wanda yake kwana a gadon samana, ya tambaye ni ko yana iya faɗin ranar da foman zai yi murmushi. Shi ma yakan yi gudu wani lokaci, da takalmin roba, ba ƙirge ba komai, wai don kansa ya huce.

Ka gaida Innata in ka leƙa ta. Ka ce ina cin abinci.

Ɗanka,
Barkono

*

Zuwa ga ɗana Barkono,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar tana nan yadda ka san ta, kunnen kuma yana jin abin da ya ga dama. Innarka lafiya lau, ta ce ba ta yarda kana cin abinci ba.

Na sayi littafi mai layi. Kullum in na rufe shago sai in karɓi wayar 'yar'uwarka, in maƙala gilashin gyarana a ido, in kwafe lambobinka: lokaci, bugun zuciya, taku. Ta ce na mayar da wayarta rediyo. Shafi uku ke nan.

Talatar da ta wuce babu komai. Na duba sau uku, na sa ta kashe wayar ta kunna. Fanko. Me ya faru ranar Talata?

Ta karanta min wani rubutu da yake fitowa a ƙasan lambobin, wai ka huta awa arba'in da takwas. Kada ka biye masa. Masu tumbi aka yi wa wannan, masu gudu don likita ya tsorata su. Ƙwauri kuwa kowane ɗan gudu ya yi ciwonsa, sumunti ne yake gaisawa da ƙafa. Ka gasa da ruwan zafi.

Ban taɓa ba ka wannan labarin duka ba. Ina shekarunka aka kira ni gwaji irin wannan. Mahaifina ya kwanta ciwo, shago ba mai zama, na ce baɗi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zaune a kujerar nan. Ba na so in buɗe littafina in ga layi babu rubutu. Minti biyu da sakan arba'in ne tsakaninka da ƙofar da kake faɗa, kuma ba a gado za a rage su ba.

Kawunka

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da kai da Hajiya da littafinka mai layi. Ni ba lafiya ba, tunda ka tambaya. A'a, ashe ba ka tambaya ba. Talata ka tambaya.

Ranar Talata tirela biyu muka loda, mu shida. Agogon ya rubuta wannan? Ya rubuta cewa da na sauko daga bayan motar sai da na dafa Dogo? Bai rubuta ba, shi ya sa a wurinka ba a yi ba.

To, na bi maganarka. Kwana goma sha tara a jere, ko ɗaya ban tsallake ba, ka duba littafinka. Me ya fito? Talatin da huɗu da sakan sha biyar. Baya nake ci. A da bugun zuciyata ina kwance hamsin da biyu ne, yanzu sittin da ɗaya. Na koma takardar bayanin da ƙamus, ta ce in ya hau haka jiki ya gaji. Kai ka ce masu tumbi. To ka zo ka ga tumbina, haƙarƙarina ana ƙirga su daga ƙofar ɗaki.

Ciwon kuma ba tsami ba ne yanzu. Wuri ɗaya ne, kan yatsa ya rufe shi. In na danna sai in ji har haƙorina. Na gasa da ruwan zafi har fatar ta saɓule.

Da foman ɗaya gare ni, mai usur. Yanzu uku ne. Ɗaya a sito, ɗaya a wuyan hannuna, ɗaya a wani gari da gilashi a ido. Na sito in an tashi aiki yana tafiya gidansa. Na hannun nan har barcina yake aunawa, ya wayi gari ya ba ni maki kamar ɗan firamare. In na cire shi zan yi wanka sai in ji kamar na yi sata. Ka san abin da ya fi ci min rai? Ni ma na kamu. In ban ga zoben ya cika ba abinci ba ya shiga.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka ce in huta sati ɗaya. Ka faɗa da bakinka, don in ni na faɗa wa kaina ba zan iya ba, zan riƙa ganinka kana kashe waya kana kunnawa. Ka ba direba amsa ranar Alhamis.

In na yi rashin kunya ka yafe. Kai ka sa min suna Barkono.

Ɗanka

*

Ɗana, ɗan albarka,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, ni kuwa har gwiwar ta yi sauƙi don murna.

Wasiƙarka sai jiya ta iso, bayan sati uku. An tura direbanku wata hanya, tana cikin aljihun motar duk tsawon lokacin. Na karanta faɗanka na yi dariya. Kana roƙon hutu, ga shi kafin ta iso ka ba kanka amsa da ƙafarka.

Talatin da ɗaya da sakan ashirin. Talatin da sakan hamsin da biyar. Shekaranjiya talatin da sakan arba'in da takwas! Zuciyar da take kai ɗari da saba'in da takwas ta sauko ɗari da sittin. Takunka ya buɗe da kusan taƙi guda. Ban ce maka ba? Jiki yakan yi gardama, in ya ga ba za a sake shi ba sai ya miƙa wuya.

Na kuma ga dabarar da ka yi. Ɗan kibiyar da ke kan taswira ya juya, yanzu kana bin hannun agogo. Na zauna ina tunani, sai na gane: ka sauke wa ƙafar hagu nauyin kwana. Ko ni ban kawo wannan ba. Amma kafin gwaji ka koma hagu, don ƙafa ta tuna.

Ga babban labari. Na sa 'yar'uwarka ta tura wa kocin ƙungiyar lambobin sati biyun nan. Jiya ya amsa. Ya gayyace ka. Takardar tana cikin wannan ambulan, sunanka ne a kai. Saura sati biyar.

Zan rufe shago in zo. Ban taɓa rufe shi kwana biyu a jere ba, amma zan rufe. Na gaya wa Innarka ta yi kuka, na gaya wa tela da mai faci da duk wanda ya kawo agogo, har wanda ya tsaya tambayar lokaci kawai.

Kawunka

*

Hajiyar Waya,

Salam. Ina fata kina lafiya, ke da kantin maganinku. Na roƙi direba ya kai miki wannan can wurin aiki, hannu da hannu. Ban turo saƙo ta waya ba don na san wa yake riƙe da ita da yamma. Ki karanta ki yaga.

Ba ni ba ne. Lambobin nan ba nawa ba ne.

Na roƙi Kawu hutu, Alhamis ta zo ba amsa, wata Alhamis ma shiru. Na ɗauka shirun shi ne amsar. Ranar Juma'a da asuba na sauko daga gado, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na zauna a bakin famfo da takalmi a hannu, agogo yana girgiza wai lokaci ya yi. Sai ga Dogo ya fito wanke fuska. Na ce, “Dogo, taimaka min ka ɗan zaga da abin nan, kada tsohona ya ga fanko.” Ya ce, “Sau nawa?” Na ce ashirin da huɗu. Ya ce, “To.” Ya ɗaura ya tafi, ta hannun da ba shi ba. Na ce ya juyo, ya ɗaga min hannu wai in ya bi hagu jiri yake ji.

Wallahi sati ɗaya na nufa. Na ɗauka zai yi talatin da biyar, Kawu ya yi faɗa, ƙafata ta huta, shi ke nan. Ina na san abin da ke kwance a gadon samana? Mutumin nan da takalmin roba, da wandon aiki, yana gama zagaye ashirin da huɗu ya tsaya yana tambayata ko an kawo burodi. Bai ma san me lambar take nufi ba. Na ce, “Ka san abin da ka yi?” Ya ce, “Na ɓata wani abu ne?”

Kullum yanzu ina zaune a kan tarin fasasshen tayil ina kallon sunana yana gudu ba tare da ni ba. Ki ce me ya sa ban tsaya ba. Ranar da na karɓe agogon, talatin da arba'in da takwas zai koma me? Na gina wa kaina wata katangar a cikin ta kamfani, kuma da hannuna na jera bulon.

Ga takardar gayyata a ƙarƙashin filona. Na karanta ta har na haddace. Shekara biyu ita nake jira, ta zo, da sunana, babu kuskuren harafi ko ɗaya.

Ƙafar ta huta sati uku, wataƙila ta warke. Ranar Laraba zan ɗaure ta da bandeji in gwada da kaina. In na iya talatin da biyu ma, ranar gwaji sai in ce zazzaɓi na yi. Ki ba direba maganin ciwo mafi ƙarfi a kantinku. Kada ki yi min wa'azi, ina da mai yi.

Ɗan'uwanki

*

Barkono sarkin wayo,

Lafiyata ƙalau, kafin wasiƙarka ta zo. Ban yaga ba, tana cikin jakata, don watarana in nuna wa 'ya'yanka.

Magani ba zan aiko ba. Ko ƙwaya ɗaya. Ciwon da yatsa ɗaya yake rufewa a kan ƙashi ba na ƙwaya ba ne, na hoto ne. Ka je asibiti ranar Lahadi su ɗauki hoton ƙafar. In ƙashin ya fara tsagewa ka hau shi da gudu, ba gwaji ba, kwalin ma sai dai ka ga ana ɗauka.

Ba zan gaya wa Baba ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba. In ya tambaye ni shiru zan yi, ka san shi da karanta shiru. Ni da hannuna na tura wa kocin nan lambobin, ka sa ni cikin abin da ban ji ba ban gani ba, za mu yi wannan maganar in ka warke.

Ka san me yake yi yanzu? Ya ciro tsohon agogonsa na dannawa, na lokacin gudunsa, ya warware shi ya sa masa mai. Kullum da safe yana hawa matakalar shago yana sauka sau goma, wai yana koya wa gwiwa hawa mota.

Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba. Na san kana gani. Na kuma san wannan ba za ta iso kafin Laraba ba, amma zan rubuta duk da haka: kada ka yi gudun nan.

'Yar'uwarka

*

Ɗana,

Sallama. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na gani.

Ranar Laraba da yamma na karɓi waya, na buɗe littafi, na sa gilashi. Kibiya ta koma hagu. Na ce madalla, ya ji magana. Sai na ga zoben bai cika ba. Zagaye biyu da rabi. Zuciya ɗari da tamanin da shida. Taku gajere, ɗaya ya fi ɗaya, irin wanda na yi wata guda ina kwafewa kafin abin ya canza.

A bayan sito ɗigon da ke nuna ka a taswira ya tsaya. Minti goma sha bakwai bai motsa ba, zuciyar kuma ba ta sauka ba. Daga nan ya fara tafiya a hankali wajen ɗakunanku. Na duba taku, babu ko ɗaya. Ɗigo yana tafiya, ƙafa ba ta taka ƙasa. Wani ne ya goya ka.

Na ɗaga kai na dubi 'yar'uwarka. Ta dubi bango.

Na koma baya a littafin, shafi-shafi, har ranar Juma'ar da kibiya ta juya. A rana ɗaya zuciya ta sauko da bugu goma sha takwas. A rana ɗaya taku ya ƙaru da taƙi. Shekara arba'in ina gaya wa masu kawo min gyara cewa in agogo ya tashi rana ɗaya ya kama sauri, ba ƙarfi ya ƙara ba, a buɗe shi a duba. Ga shi a gabana da rubutun hannuna, na gani, na ƙirƙiro masa dalili, har na yabe ka a kai. Abin da nake so in gani shi na karanta.

Na sake ɗauko wasiƙarka ta faɗa. Wancan karon lambobin na tsinta a ciki, sauran na yi dariya. Yanzu na karanta layin da ka ce wuri ɗaya ne, yatsa ya rufe shi. Ka roƙe ni sati ɗaya. Ka huta, ɗana. Na faɗa da bakina, a makare.

Ƙaryar taka ce, ba zan ɗauke maka ba. Amma ni na tura ka inda babu wajen juyawa.

Ka je a ɗauki hoton ƙafar. Na cire abin daga wayar 'yar'uwarka, ba zan ƙara ganin komai ba sai abin da ka rubuto.

Saura takardar gayyata. Ban ce wa kocin komai ba. Sunanka ne a kai, amma wata ƙafa ce ta jawo ta, kuma kai kaɗai ka san mai ita. Abin da za a yi da ita yana hannunka.

A cikin safar nan agogona ne na dannawa. Ba ya kai rahoton kowa wurin kowa.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gwiwa da kunne. Ka ce wa Hajiya ta ci gari, kada ta cika baki.

Ƙashin ya tsage, bai rabu ba. Likita ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna min, siririn layi kamar gashi. Sun sa min filasta daga gwiwa zuwa idon sawu, sati takwas, gudu kuma sai bayan wata huɗu in Allah ya yarda. Foman ya zaunar da ni a tagar sito ina manna takarda a jikin kwali. Ya ce tunda na iya karatu ai ba zan manna a kife ba. Ta tagar ana ganin katanga, da saman tireloli suna wucewa.

Wanda ya goya ni Dogo ne. Shi ne mai zuciyar da ka yi sati uku kana yabo.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na gaji da ita. Kwana biyu takardar nan tana ƙarƙashin filona, ina zagin Dogo a raina. Mutumin da bai taɓa roƙon Allah wannan abin ba, bai san akwai shi ba ma, ana ba shi a banza. Ni na haddace takardar bayani da ƙamus, shi ko sunan maɓallan bai sani ba. Na yi tunanin in yaga ta, kowa ya rasa, mu ci gaba da zama mu biyu a ɗakin nan. A rana ta uku ya kawo min ruwan wanka har bakin gado, ya tsuguna yana ɗaure min leda a kan filastar don kada ta jiƙe. Sai na ciro ta na karanta masa.

Ya gama ɗaure ledar. Can ya ce, “Wai gudun nan aiki ne?” Na ce aiki ne, har da ɗaki. Ya ce, “Kai fa?” Na ce ya rufe min baki kafin in canza ra'ayi.

Na rubuta wa kocin gaskiya duka, shafi biyu, ban rage ba. Amsarsa layi uku ce. Ya ce ni kada in ƙara tura masa lamba, in na warke in zo da ƙafata baɗi ya gani da idonsa. Mai lambobin kuma ya zo ranar da aka sa. Baɗi, Kawu. Ka ji kalmar. Kada ka ce komai.

Na shiga agogon na goge sunana, na sa na Dogo, da tsawonsa da nauyinsa. Sati biyu ina zaune a kan fasasshen tayil da naka na dannawa, ina yi masa ihu ya bi hagu. Har yanzu in na kau da kai sai ya juya.

Saboda haka kada ka ɓata hawan matakalar da ka yi. Ka rufe shagon ka je. Ba za ka sha wuyar gane shi ba, shi ne dogon da takalmana suka matse. Ka tsaya a kwanar farko ka nuna masa hagu da sandarka, don in aka bar shi shi kaɗai zai bi dama ya yi gaba da gaba da sauran 'yan gudu.

Jiya Lahadi ya tafi. Na raka shi har ƙofa da sandunana, maigadi ya rufe a bayansa. Inda agogon yake zama a hannuna fatar ta yi fari, zobe guda, har yanzu ina ɗaga shi in duba.

Da na juyo tsakar kamfanin ba kowa. Na je famfo, na danna agogonka, na kama hanya. Bayan sito, fasasshen tayil, ɗakin maigadi, famfo. Zagaye ɗaya, da sanduna biyu, hammatata kamar ta tsage. Na danna na duba.

Kada ka ɗauko littafinka. Wannan lambar ba zan gaya maka ba.

Ɗanka,
Barkono